Zanen Gadon da Gwaggo Ta Wanke

Cakal-cakal na ji daga bayan rumbu, ƙarar wanki a cikin daro. Ina tankaɗen gero ne, ban ma ɗaga kai ba sai da na tuna cewa ranar ba mu da wanki. Lokacin ostariti ne, kayan masarufi sun yi wuya, a Boɗinga sai an bi layi ake samun sabulu.

Ina leƙawa na ga Gwaggo, uwar mijina, ta duƙa tana cuɗa farin yadi, ruwan ya koma shuɗi. Zanen gadon ƙanwata ne. Mahaifiyarmu ta rasu, kayan ɗakinta sun dawo wuyana, ga shi an sa biki bayan girbi, za a kai ta Shagari. Wani tela a kasuwa ya fitar mini da furanni da ganyaye da bula, ni kuma ina bin layin da zare. Gefe ɗaya kaɗai na gama.

"Ɗiyata, na ga ya yi dauɗar hannu," in ji ta, tana murmushi. "Na ce a kai ma amarya abu haka? Ɗan guntun sabuluna ne na sa."

Na ce, "Allah shi saka da alheri, Gwaggo." Me zan ce? Na shanya shi a igiya, gefe guda furanni, gefe guda fari fat. Na shiga ɗaki na yi kukana.

Ba shi kaɗai ne aikin da ke jirana ba. A ƙarƙashin gado akwai kwalla-kwalla, kowace na ɗaura mata silin zare a marfi don in san abin da ke ciki ba sai na buɗe ba. Ja, hular jariri ce ta kwarashi, mai ita har ya fara rarrafe. Rawaya, faifan da nake yi wa ado da ulu da duwatsun wuya. Akwai wata ma da na manta abin da zarenta yake nufi. Duk na ture su.

Na aika a nemo telan, aka ce ya ɗauki keken ɗinkinsa ya tafi kudu, ɗinki ya mutu a gari. Na gwada fitar da furen da fensir, ya fito kamar ganyen albasa. A makaranta ma ban iya zane ba.

Wata maƙwabciyata 'yar Danchadi ce ta shigo aron turmi ta tarar da ni. Ta ce, "Ke da boko! Mi kika wahal da kanki? Ninke shi." Muka shafa bula a kan ɗinkin da na gama, muka ninka farin gefen a kai, ta goga da bayan cokali. Da muka buɗe, ga furannin sun fito dishi-dishi, wasu ganyayen babu rabi.

Haka na bi su, ina kanne ido. Koren zare ya ƙare, wanda aka samo mini bai kai na farko duhu ba. Na sa shi haka. Tsakanin azahar da la'asar nake zama, bayan tuwo da shara, yatsana ya yi kanta, wuyana ya ƙage. Wani lokaci allurar na hannuna zan farka. Gwaggo ta ɗauke mini daka, na san ta gane ɓarnar da wankin ya yi.

Ranar jere muka shimfiɗa shi a Shagari. Wata cikin dangin ango ta ce koren bai zo ɗaya ba. Ƙanwata kuwa ta kifa fuskarta a kai, ta daɗe ba ta ɗago ba.

A bayan a-kori-kura muka dawo, ƙura da rana. Ɗiyata ƙarama tana kan cinyata, ta kama yatsan nan tana dubawa. Can ta ce, "Inna, in za a yi nawa bikin, kar ki yi min zanen gado. Ki kwanta ki yi kwana kawai."