Muryata a Fadamar Albasa

A shekarun farko da na koyar da ilimin noma a sabuwar jami'ar yankinmu, da zarar an fara ban-ruwan albasa sai ajina ya tsiyaye. Ɗalibai su koma gida taya iyaye aiki, su bar ni da kujeru.

Wata la'asar muna zaune gindin darbejiya da abokiyar aikina mai koyar da kwamfuta, sai ta ce, "Malam, mi za ya hana mu raba karatun ga biyu? Rabi ka ɗauki muryarka mu ɗora ta intanet, rabi ku gamu ido da ido."

Haka muka yi. Mun daɗe muna tankaɗe da rairaya: abin da kunne zai iya ɗauka ya bi waya, abin da sai hannu ya taɓa ƙasa ya jira ranar haɗuwa. Na riƙa rufe ofis ina yi wa bango bayani, ina jin kamar iri nake watsa wa iska. Ɗalibai kuwa su sauke karatun a wani shagon intanet da ke Jega Firchin, su tura wa juna.

Haɗuwar farko a fadamar Danwarai muka yi ta, da hantsi. Ruwa na bin kwari a hankali, ƙamshin ganyen albasa ya cika wurin, balbelu na sauka kamar an yayyafa auduga. Wani ɗalibina ɗan makiyaya daga Andarai ya zo da mahaifinsa. Tsohon ya riƙe hannuna, ya ƙura mini ido.

"Ashe kai na," ya ce. "Kullum kana cikin aljihun ɗana. Har shanu sun san ka, in ka fara magana sai su ɗaga kai. Amma Malam, ba ka lumfashi ne?"

Muka yi dariya. Da na koma na sake ɗaukar darussan duka, a natse, ina barin shiru tsakanin magana da magana.

Ajin bai ƙara watsewa ba. Wata rana ina dawowa daga Maiyama, wani mai babur ya wuce ni, sai na ji muryata na fita daga rigarsa tana bayanin taki. Na rage gudu, na bi ta da kunne har ta ɓace cikin gonaki.