Fiton da Mai Kunne Bai Ji Ba

A ƙarshen layin masu gyaran mota, daidai inda kwalta ta ƙare, akwai wata rumfar kwano da baƙin mai ya rine ƙasanta. A cikinta akwai benci, da akwatin ƙarfe na sufanu, da tsohuwar kujerar mota da aka jingina da ginshiƙi domin baƙi. Mai rumfar dattijo ne gajere mai kaurin yatsu, wanda direbobi suke kira Mai Kunne.

Ba a banza sunan ya bi shi ba. Da ƙuruciya yaron mota ne, yana zaune a kan kaya yana sauraren kukan inji a doguwar hanya, har ta kai yakan san abin da zai lalace tun direba bai farga ba. Daga nan ya shiga gareji, ya yi shekarunsa na koyo, ya kafa tasa rumfar. Idan an kawo masa mota ba ya gaggawar kwance komai. Sai ya sa a tayar da ita, ya ɗauko doguwar sukudireba, ya dasa bakinta a jikin inji, ya kara ƙotarta a kunne, ya lumshe ido. Can sai ya ɗago ya nuna wuri da yatsa, kuma da wuya a buɗe wurin a same shi lafiya.

Yana da doka guda wadda duk mai hulɗa da shi ya sani: direba ba ya faɗa masa ƙarar da ya ji. Asalin dokar kuwa, a farkon aikinsa wani direba ya kwaikwaya masa ƙara da baki, ya rantse daga giya take fitowa. Ya wuni yana sauke akwatin giya, ashe salansa ce ta kwance tana dukan ƙarfe. Tun daga ranar, duk wanda ya fara cewa “tana yin wani irin ƙwar-ƙwar”, sai ya ɗaga masa hannu ya ce, “Kai aikinka tuƙi. Saurare nawa ne.”

Abin da direbobi ba su sani ba shi ne kunnen da suke yabo ya fara gajiya. Manyan sautuka yana jin su: dirin inji, bugun guduma, muryar mutum idan yana kusa. Siraran ne suka riƙa ɓace masa, daga kukan tsuntsaye da safe har ƙarar wayarsa a aljihu. Matarsa kaɗai ta gane, ranar da ta shigo kicin ta tarar butar shayi tana ta fito, shi kuwa yana tsaye a gabanta yana jiran ta tafasa. Ya roƙe ta kada ta gaya wa babban ɗansu, domin ɗan ya daɗe yana neman hujjar da zai rufe rumfar ya zaunar da uban a gida. Shi kuwa bai san abin da mutum yake yi da wuni guda ba idan babu sufana a hannunsa.

Ana cikin haka ɗan ƙanwarsa, magidanci wanda shi ma furfura ta fara tsiro masa, ya kawo tsohuwar akori-kurar da yake jigilar bulo da ita, ya ce ruwa take ci. Mai Kunne ya duba ya ga gaskit ɗin manifol ne ya ruɓe, wato shimfiɗar da ke toshe mahaɗinsa da inji. Manifol kuwa shi ne ƙarfen nan mai rassa da ke karɓar iska da mai daga kafireta ya raba wa silinda. Ya sauke shi, ya kankare, ya wanke, ya sa sabon gaskit, ya ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe kamar yadda ya saba. Mota ta tafi. Kashegari da hantsi sai ga ta ta dawo.

“Kawu, ga ta na maido.”

“Ruwan ne?”

“A’a, ruwa ya tsaya cak. Amma da na tsaya a mahaɗa sai ta kama rawa kamar mai zazzaɓi, wani lokaci ma ta mutu. In na taka totur kuma sai ta ware. Sannan akwai wani ɗan…”

Mai Kunne ya ɗaga hannu. Ɗan ƙanwar ya haɗiye sauran maganar.

Maƙwabcinsa mai faci, wanda suka shekara da shekaru suna tsokanar juna, ya leƙo daga cikin tayoyinsa. “Yau kuma likita ya yi aiki ya manta almakashi a cikin mara lafiya?”

“Kai da iliminka bai wuce tofa wa taya yawu ba, me ka sani game da likita?”

Mai Kunne ya buɗe bonet yana dariya. Injin da ke rawa a tsaye ya ware a guje, mafi yawan lokuta ɓarauniyar iska ce take shiga ta wata kafa, tana tsinka man da ke zuwa silinda. Irin wannan kafa da kunne ake kama ta, domin siririn fito take yi. Ya kara sukudireba a kunne, bai ji komai ba sai diri, kamar mai saurare daga ƙarƙashin ruwa. Ya bi notunan ya ƙara ɗaure su. Ya ɗiga fetur a gefen sabon gaskit, tafinsa ɗaya a jikin mota, yana jiran ya ji rawar ta canja idan injin ya zuƙe shi. Ba ta canja ba. Sai ya ce a ransa, to, ba iska ba ce ke nan.

Daga nan ya shiga lalube, abin da ya yi shekaru yana yi wa wasu makanikai dariya a kansa. Ya cire fulogogi ya goge su ya mayar. Ya bi wayoyinsu. Ya kwance kafireta a kan benci, ya hura kowane rami, ya haɗa, ya murɗa sukurin da ke daidaita mai, dama da hagu. Mota dai tana rawarta. Rana ta take, gumi ya jiƙa masa riga.

Ɗan ƙanwar ya koma gefe ya amsa waya, ya dawo yana sosa ƙeya. “Kawu, mai ginin ne. Magina suna zaune babu bulo. Ya ce in ba zan iya ba zai nemi wata motar.” Ya dubi sabon garejin da ke tsallaken titi. “Ko mu tura ta can su ma su gwada? Ba don wani abu ba.”

Tun da aka kafa rumfar nan ba a taɓa tura mota daga cikinta zuwa wani gareji ba. Mai Kunne ya san idan akori-kurar ta tsallaka titin, kafin la’asar duk layin ya ji, kuma abin da layin ya ji babban ɗansa ma ya ji.

“Sake tayar da ita,” in ji shi.

A wannan karon bai dubi injin ba, mutanen ya duba. Mai faci ya zo da kofin shayi ya tsaya, ya karkata kai wajen bayan injin, ya yamutsa fuska, ya buɗe baki, sai kuma ya kurɓi shayinsa ya koma. Ɗan ƙanwar ma, da ya sauko daga mota, can idonsa ya tafi. Ashe su biyun suna jin wani abu. Kuma babu wanda ya yi magana, domin a ganinsu abin da suka ji ai Mai Kunne ya riga su ji, ya auna shi ya ga ba komai ba ne.

Ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya yafito ɗan ƙanwar.

“Matso nan. Me kake ji?”

“Ni, Kawu?”

“Da wani a nan bayan kai?”

“Ai ka hana.”

“Na hana. Yanzu kuma na tambaya.”

“Fito take yi, siriri, kamar mai zuƙar iska ta haƙori. Tun jiya da na fita. Na ɗauka ka ji.”

“Ban ji ba.” Ya dubi tsumman da ke hannunsa. “Ba na jin irinsa yanzu.”

Ɗan ƙanwar ya sunkuyar da kai, ya rasa inda zai sa idonsa. Mai Kunne bai ba shi damar jajantawa ba. Ya ciro wani dogon tiyo daga ƙarƙashin benci, ya miƙa masa baki ɗaya ya ce ya sa a kunne, shi kuma ya riƙe ɗaya bakin yana zagayawa da shi a jikin manifol a hankali.

“Nan?”

“A’a.”

“Nan fa?”

“Ya ɗan ƙaru. Yi baya, Kawu. Ƙasa kaɗan. Wayyo kunnena! Nan ne!”

Wurin yana can baya, ta ƙarƙashi, inda ido ba ya kaiwa kuma fetur ɗin da ya ɗiga bai isa ba. Ya cusa hannu ya laluba, sai ya ji wani abu ya tsotsi fatar yatsansa. Ɗan bututu ne da ba a amfani da shi, wanda wani ya toshe da hular roba tun zamanin mai motar na farko. Robar ta bushe, ta tsage lokacin da ya sauke ƙarfen jiya. Ya danne ta da yatsa, nan take rawar ta lafa. A gwiwarsa da ke jingine da bamba ya ji. Ya saki, rawa ta dawo.

Ya yanki guntun sabon tiyo, ya cusa noti a bakinsa, ya zura a bututun, ya ɗaure da waya. Saura sukurin kafireta da ya hargitsa da hannunsa. Yana murɗawa, ɗan ƙanwar yana saurare yana cewa, “Ƙara kaɗan. Ya yi yawa, dawo. Yawwa, tsaya nan.” Injin ya zauna daram.

Da ɗan ƙanwar ya hau mota, ya leƙo ta taga ya rage murya, har sai da ya maimaita kafin kawun ya gane. “Ba wanda zai ji daga bakina.”

“Je ka kai wa mutane bulonsu.”

Yana tattara sufanu sai ya ga inuwar mai faci a gefensa, ya ɗago ya ga bakinsa yana motsi. Da alama ya jima yana magana.

“Zagayo ta dama ka ɗaga murya,” in ji Mai Kunne. “Kunnen hagun ya yi ritaya, na daman ma yana neman bin sa.”

Mai faci ya yi dariya, ya ga abokin nasa ba wasa yake yi ba, dariyar ta tsaya. Ya zagayo.

“Tun yaushe?”

“An jima.”

“Shi ya sa nake zaginka kana murmushi! Ni na ɗauka haƙuri ka koya.” Ya zauna a kujerar baƙi, ya juya kofin a hannunsa. “To, yanzu wa zai riƙa ji maka?”

“Duk wanda ya kawo mota ai da kunnuwansa ya zo.”

Da ya koma gida ya ce wa matarsa ta kira babban ɗan, gara ya ji daga bakinsa kafin ya ji a layi. Ɗan ya zo, aka yi doguwar muhawara a falo, uwar tana maimaita wa uban abin da bai kama ba. A ƙarshe suka rabu a kan cewa zai je a duba kunnen, zai kuma daina shiga ƙarƙashin mota idan babu kowa a kusa. Rumfar tana nan a buɗe. Direbobi sun ɗauki lokaci kafin su saba. Har yanzu akwai tsofaffin da idan ya tambaye su abin da suke ji, sai sun waiwaya sun tabbata da su yake.