Bulon da ke Ƙarƙashin Sandar Yaya Saude

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar Yaya Saude, kuma har yau ba a kiran sunana a Jiratawa. "Ƙanwar Saude" ake ce mini. A kasuwa haka, a gidan suna haka. Ko kabu-kabu na hau daga Maraɗi, in mai babur ɗin ɗan garinmu ne sai ya waiwayo ya ce, "Ke ce ƙanwar mai sanda ko?" Murmushi nake yi. Abin da ke cikina kuwa, Allah ya yafe mini, kishi ne. Na yi kishinta tana raye, ina kishinta tana kabari, kuma yau zan faɗi dalili.

Wanda bai san garinmu ba, rayuwarmu a bakin kanal take, wato magudanar ruwan noman rani. A nan ake ban ruwan albasa da tattasai, a nan muke wanki, a nan yara ke iyo. A cikin ruwan nan ne tsutsar tsargiya ke fitowa daga jikin katantanwa ta shiga fatar mutum, daga baya ya ga jini a fitsari. Duk shekara ana kawo ƙwayoyin magani kyauta, tare da wata doguwar sanda mai launi-launi. Ka tsaya jikinta, launin da kanka ya kai shi ke nuna ƙwaya nawa za a ba ka. Dogo ya samu da yawa, gajere kaɗan.

Yaya aka ba wa sandar unguwarmu. Ita ce doguwa, ita ce mai baki, ita tsofaffi ke yarda su haɗiyi abu daga hannunta. Ni da nake koleji, nake karanta takardar jikin kwalin da Faransanci ba tuntuɓe, aikina riƙe buta da kofi. Tun a nan abin ya fara cina.

Sai shekarar rigimar tazarce ta zo. Gari ya rabu biyu, maƙwabci ba ya zuwa sunan maƙwabci saboda jam'iyya. Aka ce masu taimako daga waje sun ja hannu, kuma kwalin da ya iso mana bai kai na bara ba. Mun riga mun ji abin da ya sami wani mai rabon magani a wani ƙauye kusa da Tibiri. Shi ya bi sanda yadda take, magani ya ƙare layi bai ƙare ba, aka ce ƴan jam'iyyarsa ya zaɓa ya ba. Sai da ya yi wata bai shiga kasuwa ba.

Da safiyar rabonmu Yaya ta ce mini, "Ke gajeruwa, ɗauko mini bulon can na bakin rijiya."

Na ɗauko. Ta ajiye shi jikin bangon zaure, ta ɗora gindin sandar a kai. Da wani dattijo ya tambaya, ta ce don kada danshi ya ɓata fenti. Ni dai na gane. In sanda ta hau sama, kowa ya zama gajere. Mai ƙwaya uku ya koma biyu da rabi, mai biyu ya koma ɗaya da rabi. Na ja ta gefe na ce, "Yaya, takarda ta ce kada a rage."

Ta ce, "Takardar taki ce za ta tare mini bakin mutane? Da babu gara ba daɗi. Riƙe butarki."

Ranar nan kowa ya samu, na wannan jam'iyya da na waccan. Nata kason ma wata baƙuwa ta ba wa. Har guɗa aka yi mata. Sojoji suka zo, suka tafi, aka yi zaɓe, magani ya dawo yana isa, amma bulo bai bar gindin sanda ba, don abin da ya ragu tana kai wa ƴan rugar da ba su cikin rabo. Shekara uku ina ɗauko shi da hannuna. Daga nan ƙafafunta suka fara kumbura, aka ce tsargiyar da ta daɗe tana ɓoyewa ta taɓa mata ƙoda. Ba ta ga wata damina ba.

Yanzu akwai ƙananan Saude huɗu da na sani a Jiratawa, yaran da aka sa wa sunanta, da ɗaya a Tibiri. Inna ta rataye sandar a ɗakinta, duk Juma'a sai ta goge ta. Ba ta taɓa faɗin sunan Yaya ba, ɗiyar fari ce, "waccan" take cewa. Har wannan kunyar nake wa ƙyashi. Ni sunana a bakinta kamar na akuya, a kira a aika.

Shekara biyu ke nan ina Sabon Gari a Maraɗi wajen goggona, ina koyon ɗinki bayan na kasa wuce lise, wato babbar sakandare. Ruwan famfo nake sha, da shi nake wanka, ƙafata ba ta taɓa kanal ba. Duk da haka bara na ga jini. Na sha magani cikakke, aka auna ni a kan sikeli. Ya ɗauke, ya dawo. Na sake sha. Watan jiya ya sake dawowa.

Majon ɗakin shan magani, wato babban malamin jinyar wurin, mutum ne mai haƙuri. Ya ce ba ni kaɗai ba ce daga yankinmu, kuma bai san dalili ba tukuna. Mai yiwuwa wasu sake ɗauka suke yi a ruwa. Mai yiwuwa kuma tsutsar ce ta fara sabawa da maganin, domin in ana ba ta wanda bai kai ba, raunana su mutu, masu taurin su rayu su yi ƙwai. Ya ce zai aika gwaji Yamai. Sannan ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, can wajenku daidai ake ba ku?"

Na ce, "Daidai ake ba mu."

Na fito da ƙaryata. A titi na ga ƴaƴan alhazai sun wuce cikin mota, waɗanda ko launin ruwan kanal ba su sani ba, na ji haushinsu. Amma wadda na fi jin haushi ita ce Yaya. Ta tafi da guɗarta da takwarorinta, ta mutu tana da tabbacin ta yi daidai. Ni ta bar wa bulo da tsoro. Wannan wane irin rabon gado ne?

Nakan tambayi kaina me za ta ce da tana nan. Da farko za ta yi mini tsiya, ta ce karatu ne ya sa mini tsoro. Amma na san ta. In ta ji cewa akwai yaran da magani ya daina yi wa aiki, ba za ta bari rana ta faɗi ba sai ta je ta ce ga abin da ta yi, a zage ta in za a zage ta. Nan ma ta fi ni, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ban san ko bulonmu ne ya jawo ba. Majo ma bai sani ba. Sai dai ba zai taɓa sani ba in na ci gaba da yin shiru, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Juma'ar da ta wuce na je gida, na sami Inna tana goge sandar, na faɗa mata komai. Na yi zaton za ta ce hassada ce ta sa ni tonon kabari, kuma da ta faɗi haka ba zan iya rantsewa cewa babu ita ba ko kaɗan.  Sai ta sauke sandar, ta kafa ta a ƙasa, ƙasa tsurarta, ta ce in tsaya. Ta dafa kaina da tafin hannu, ta duba launin.

Ta ce, "Kin kamo waccan a tsawo. Ban lura ba." Sannan ta miƙo mini sandar. "Tahi ki kai mishi, ki hwaɗi da bakinki. Waccan ta yi don mutane. Ke ma ki yi don mutane."

Na kai wa Majo, na faɗa, ya rubuta. Sakamakon Yamai bai zo ba har yanzu, kuma kowace safiya ina shiga banɗaki sai na duba ko akwai jini. Na san in wannan rubutu ya isa Jiratawa akwai waɗanda za su daina gaishe ni.

Abin da ya rage na Yaya ba zan iya raba shi biyu ba. Tausayin da ya hana ta mayar da kowa gida hannu rabbana shi ne ya ɗora sanda a kan bulo, kuma shi nake so ƙananan Saude su gada, amma su riƙa kafa sandarsu a ƙasa. Allah ya ji ƙanki, Yaya, ya yafe mana mu biyu. Ke kika ce a ɗauko, ni na ɗauko. Sunana Zuwaira.