A Rage wa Mama Tunani

Ranar da likita ya ce Mama tana da hawan jini, abu biyu ya hana ta: gishiri da tunani. Ni da Yaya muna tsaye a kanta, ya dube mu ta saman tabarau ya ce, "Ku ne 'ya'yanta? To kada ku bari wani abu ya tayar mata da hankali. Jinin nan in ya ƙara hawa, ɓarin jiki zai iya shanyewa." Gishiri dai da cokali ake auna shi, wannan na iya. Tunani kuwa, har keke ya sauke mu a unguwarmu Sauka Kahuta ban gano ta inda ake kama shi ba.

Yaya ne ya gano, a ganinsa. Shi mai gyaran famfo ne, in ruwa na yoyo abin da ya sani kawai a toshe. Ya ce labari ne ke kawo tunani, don haka a toshe labari. Rediyon Mama ta koma ɗakinsa. Wayarta ta dawo hannuna, kullum wai tana caji. Duk wadda ta zo dubiya sai na tare ta a ƙofar gida na karanta mata doka: ba zancen mutuwa, ba hatsarin mota, ba tsadar shinkafa. To in aka cire waɗannan, me ya rage wa matan unguwarmu? Sai su zauna su ce ya jiki, su ƙura wa silin ido, su tashi.

Alhali Mama ba haka ta saba rayuwa ba. Ita ce ta farko a gidan rasuwa, ita ce ta ƙarshe da za ta naɗe tabarma. In abu ya dame ta, sai ta faɗe shi, ta yi kukanta, ta fyace hanci, ta ɗora tukunya. Wadda ta fi sauke wa kayan cikinta ita ce ƙanwarta da ke Bida, wadda muke kira Inna. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai su kama waya da Nufanci, su yi faɗa, su shirya, su yi ta dariya har Mama ta riƙe ciki.

Sai Inna ta kwanta ciwo. Ɗanta ya kira Yaya, Yaya ya kira ni gefe, muka yanke cewa a bari ta samu sauƙi tukuna. Juma'a ta zo, na ce wa Mama sabis ne babu a Bida. Wata Juma'ar na ce wayar Inna ce ta faɗa ruwa. Ban taɓa sanin na iya ƙarya haka ba, har tsoron bakina na fara ji.

Inna ba ta samu sauƙi ba, ta rasu. Yaya ya sa hula ya ce wa Mama an kira shi aiki Suleja. Na bi shi har bakin titi.

"Yaya, ciki ɗaya fa suka fito. Ya za a rufe ta ba ta sani ba?"

"In aka gaya mata ta faɗi, ke za ki ɗaga ta?"

Na koma ciki na dafa faten doya marar gishiri, na zauna kusa da Mama ina ba ta labarin wata kazar maƙwabta da ta shiga buhun garinmu. Ina ta dariyar dole.

Shirinmu shi ne da zarar jinin ya sauka za mu gaya mata a hankali. Jinin ya ƙi sauka. Akwai ɗan injin awo da muka saya, kullum da safe in ɗaura mata a hannu, ya matse, ya saki, ya nuna abin da ya fi na jiya. Likita ya ƙara magani, ya ce, "Mama, me ke damun ki?" Ta ce ba komai. Ya juyo ya harare mu kamar mu ne ke jiƙa mata ciwon a kofi. Muka dawo gida muka ƙara ɗaure ƙofa. Mama ta rame, ta rage cin abinci, tana daɗewa a banɗaki, amma in ta fito sai ta yi mana murmushi.

Da sadakar arba'in ta matso, Yaya ya shigo da wata sabuwar Suleja a bakinsa. Mama tana zaune a tsakar gida tana tsintar wake. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "In za ka je arba'in ɗin, akwai turmin atamfa a ƙasan akwatina. Ita na saya wa. Ka kai wa 'yarta."

Yaya ya zauna a ƙasa, shi da ko kan tabarma sai ya kakkaɓe. Ni na ce, "Mama, wa ya gaya miki?"

"Washegari na ji. Ina shanya a baya, matar nan ta bayan katanga ta leƙo, da guntuwar Hausarta ta ce, 'Mama, sannu da haƙuri, na ji ƙanwar ka ya mutu.' Kun tsare ƙofa, ita kuwa ba ta taɓa shigowa ta ƙofa ba."

"Shi ne ba ki ce komai ba?"

"Me zan ce? Na ga wahalar da kuke sha wajen ɓoyewa. Kai idonka ya faɗa, ke kuma dariyar nan taki ta fi kuka ciwo. In na yi kuka a gabanku, ku ɗauko injin nan, ku kwashe ni sai asibiti. Sai na riƙa yin abina a banɗaki, in wanke fuska in fito."

Na so ta zage mu. Da ta yi, da na samu inda zan ajiye abin da ke ƙirjina. Ita kuwa ta ci gaba da tsintar wakenta. Bidan ma ba ta je ba, domin likita ya ce da jini a haka ba za ta hau wannan hanyar ba. Yaya ne ya tafi da atamfar a leda.

Mun mayar mata da rediyonta da wayarta. Na daina tare mutane a ƙofa. Amma Mama ta riga ta koyi abin da muka koya mata, ta kuma fi mu iyawa. Yanzu ba ta cewa kanta na ciwo, ba ta cewa ta ga jiri. Ranar Juma'a ta kan ɗauki wayar ta juya ta, ta ajiye.

Kwanan baya ina kallo kofin shayi ya suɓuce daga hannunta na hagu. Ta yi sauri ta rufe hannun da mayafi, ta ce kofin ne ke da santsi. Na durƙusa a gabanta na ce, "Mama, don girman Allah ki gaya mini gaskiya. Hannun nan yana miki nauyi?"

Ta yi mini murmushin nan, nawa ne sak, wanda na yi mata ranar da aka rufe Inna. Ta ce, "Lafiya lau nake. Ki daina sa wa ranki damuwa, kada ke ma naki ya hau."

Na tsince fasassun kofin na kai bola. Da na dawo, hannun yana nan a ƙarƙashin mayafi.