Gayyar Kofur Haggai

Shekara ashirin da biyu Haggai ya yi yana cin tuwon soja, kuma duk abin da ya samu a hannun riga igiya biyu ce. Mutanen ƙauyensu, da ke gindin dutse a kan hanyar Zuru zuwa Mahuta, ba su ɗauki abin da girma ba, don a ƙasar Zuru gidan da babu soja shi ake tambayar lafiyarsa. Sai suka manna masa Kofur, sunan ya bi shi har cikin coci. Ya shiga soja a 1980 yana ɗan shekara goma sha tara. Ya ga Legas, ya ga Laberiya, ya ga Saliyo, inda wani guntun ƙarfe ya shige masa kafaɗar dama ya ƙi fita. A 2002 aka sallame shi. Ya sauka a tashar Zuru da akwatin ƙarfe, da agogon hannu, da usur ɗin da yake hura wa kurata, da wata irin tafiya wadda ko bayan gida za shi sai ka rantse fareti ne.

Aikin farko da ya samu gadi ne a wani shagon siminti. Bai rufa wata uku ba ya kama wani mutum yana leƙen sito, ya sa shi tsallen kwaɗo tsakar rana a gaban jama'a, ashe surukin mai shagon ne ya zo duba kaya. Daga nan ya tattara kuɗin sallamarsa ya sayi babur ya shiga kabu-kabu. Wata ranar kasuwa, yana ɗauke da wata mata da kwandon tumatir, tayar wata mota ta fashe a bayansa. Kafin ya san abin da yake yi ya saki babur ya yi rub da ciki a cikin kwata, hannuwa a ka. Matar ta karye a ƙafa, babur kuma ya tafi wajen jinyarta. Mutane sun yi mako guda suna dariya. Shi bai yi ba, don abin da kunnensa ya ji a ranar ba taya ba ce.

Tun daga lokacin, gidansa ya koma ci daga rumbun ƙanensa Ezekiel. Kullum matarsa Keziah za ta shiga sashen ƙanen da kwano a ɓoye cikin mayafi, ta fito da dawar da za ta ciyar da su da 'ya'yansu uku. Haggai yakan juya baya kamar bai gani ba, amma tuwon ba ya wuce masa wuya da daɗi.

Saura gona. Mahaifinsu ya rasu yana Laberiya, kuma Ezekiel ne ya riƙe gonakin gidan duka shekara goma sha huɗu, yana ciyar da baki tara. Ba mugu ba ne, amma ba ka ce wa mutum ya saki ƙasar da ya zuba wa taki da gumi ya yi maka tafi. Da maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, aka kai ta gaban Baba Ladan, ƙanen mahaifinsu, wanda ya musulunta tun yana saurayi kuma shi ne babba a dangi. Tsohon ya saurare su duka, sannan ya dubi Haggai.

"Gonag ga ta gindin tsamiya na ba ka daminag ga," in ji shi. "Ran da dawa ta fid da kai, ni da ƙafata za ni zagaya. Inda ta tsaya, naka ne kai da ɗiyanka har abada. Inda ciyawa ta ci, Ezekiel shi ci gaba da abinai."

Haggai ya miƙe ya ƙame, saura kaɗan ya sara. Wannan irin magana ya iya ta: an ba shi wuri, an ba shi wa'adi. Abin da bai tsaya ya yi tunani ba shi ne, rabonsa da fartanya tun yana saurayi.

Daminar 2005 ta sauka da wuri. Ya yi shuka da igiya a hannu yana awo, layi ya fita sambal har masu wucewa suna tsayawa kallo. Dawa ta tsiro kyau-kyau, ciyawa ma ta tsiro, kuma ita ba ruwanta da layi. Gonar babba ce, noman farko ya fi ƙarfin mutum ɗaya ko da kafaɗarsa lafiya lau. Dole a kira gayya. Keziah ta sayar da akuyarta, ta yi kwana uku tana fama da tukwanen kunu da burkutu. Ta kuma ja masa kunne. Ta ce mai gona ba ya ba da umurni ranar gayya, aikinsa gaisuwa da godiya da zuba wa mutane abin sha. Makaɗi ne ke jan aiki, kowa yakan zo in ya sallami awakinsa, kuma wanda ya gama kunyarsa yakan juyo ya taro wanda ke baya. Haggai ya ce ya ji. Ya kuma ce shi da ya sarrafa mutum talatin a dajin Saliyo ba za a koya masa sarrafa manoma ba.

Akwai abin da ya kamata ya tuna, bai tuna ba. A al'adarsu saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato shi da tsararsa su shekara bakwai suna noma wa uban yarinya. Haggai damina ɗaya ya yi ya tafi Zariya horon soja. Sauran shidan tsararsa ne suka cike masa, Philemon na gabansu, har aka ɗauki Keziah aka kai masa bariki. Ya aiko musu da sabulu da rediyo, kuma a ransa magana ta ƙare ke nan.

Ya ce a hallara ƙarfe bakwai. Bakwai na bugawa mutum goma sha ɗaya ne a bakin gona. Ya jera su bisa tsawo, ya ce wa makaɗi ya ajiye ganga don ɓata lokaci ce, shi zai riƙa ba da lokaci, ya hura usur. Suka yi dariya, sun ɗauka wasa ne irin na tsofaffin sojoji, suka duƙa. Hannu ne na ƙwarai kuwa. Fartanya tana shiga ƙasa tana fito da saiwar tofa har gindi, kunyoyi suna fita fes a bayansu.

Can sai ga Philemon da mutum goma sha biyar, wanduna jiƙe har cinya, don rafi ya kawo kuma daga ƙetare suke. Haggai ya dubi agogo. Bakwai da minti arba'in da biyar. Ya tare su a bakin gona, ya ce 'yan latti su ware gefe, kuma babu mai taɓa ƙwaryar kunu sai ya fitar da kunya biyu. Ya ƙara da cewa rashin horo ne ya hana ƙauyen nan ci gaba. Keziah tana tsugune wajen tukwane, ludayi ya suɓuce daga hannunta.

Philemon bai ɗaga murya ba. Ya dubi matar, ya dubi mijin.

"Haggai, damina shidda munka duƙa gonar uban wagga mata, kana bariki," in ji shi. "Tsohon nan bai taɓa duba muna agogo ba."

Ya saɓa fartanyarsa ya juya. Mutanensa suka bi shi. Goma sha ɗayan nan ma suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, suka karkaɗe ƙasa daga gwiwa, makaɗi ya rataya gangarsa. Haggai ya hura usur sau biyu, ba wanda ya waiwayo. Sun bar masa kunya ashirin da uku a nome daga wajen tsamiya, da tukwane cike. Kunun ya yi tsami, aladun maƙwabta suka sha rabonsu.

Ya ce zai yi abinsa shi kaɗai. Mako uku ya yi yana gwadawa. Kafaɗar ba ta ɗaga fartanya sama da ƙirji, sai ya riƙa kankare kan ciyawa yana barin saiwa, kafin ya kai ƙarshen kunya farkonta ya sake yin kore. Da yatsunsa suka daina riƙe ƙota, ya sa Keziah ta ɗaure masa ita a hannu da tsumma. Ita ma tana duƙe a gefensa daga safe har la'asar, tafin hannunta ya tsattsage, sau ɗaya kawai ta ce masa, "Baban Leah, ka tafi ka ba su haƙuri." Ya ce ko a Laberiya bai roƙi kowa ba. Gaskiyar ita ce bai san yadda ake yi ba. Ya iya sara wa na gaba, ya iya daka wa na baya tsawa, amma yadda ake magana da tsara ya bar shi tun a Zariya.

Wata safiya ya kai hannu cikin ciyawa a tsakiyar gona ya lalubo dawa. Ta yi rawaya, ta yi siriri kamar tsinken tsintsiya, da ya ja kaɗan ta biyo hannunsa. Ya zauna a ƙasa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da ƙarfe ya shige shi, don a can in ka faɗi akwai mai ɗaukarka. Ya ga kansa yana tsufa a rumbun ƙanensa, ya ga 'ya'yansa ba su da ko taku ɗaya na ƙasar kakansu. Yana cikin haka ya jiyo ganga daga ƙetaren rafi. Gayyar maimai ce, noma na biyu, a gonar Philemon, kuma ba a gayyace shi ba.

Ya cire agogo ya sa a aljihu, ya ƙetare rafin. Da ya iso, ganga ta ɗan yi sanyi, sannan ta ci gaba. Bai gai da kowa ba. Ya je can ƙarshe ya kama kunyar da ba mai ita, ya duƙa. Ba a jima ba aka bar shi a baya. Matasa suka kai ƙarshe suka sha kunu, dattawa masu furfura ma suka kai, shi ko rabi bai yi ba. Gumi yana shiga masa ido, tsumman hannunsa ya yi ja. Sai ya ji ƙarar wata fartanya tana matsowa daga gaba. Bai ɗaga kai ba har ƙarafan biyu suka haɗu. Philemon ne ya taro shi.

"Na yi kuskure," in ji Haggai, yana durƙushe a inda yake. "Ban san abin da zan ce ba bayan wannan."

"Tashi ka sha kunu," in ji Philemon. "Ran Alhamis muna zuwa."

Sun zo kuwa, mutum talatin da ganga biyu, wasu da hantsi, wasu rana ta take. Haggai ya tsaya bakin gona da ƙwarya yana yi wa kowa sannu da zuwa, kunun kuma na dawar Ezekiel ne. Amma tun kafin azahar masu noman suka daina waƙa. Duk inda suka cire ciyawa, dawar ta kan kwanta tare da ita. Sun nome gonar tas don mutunci, kowa kuwa ya san aikin ya zo a makare. Da za su tafi, Philemon ya dafa masa kafaɗar hagu, bai yi masa ƙaryar cewa za ta tashi ba.

Da dawa ta fid da kai, Baba Ladan ya zo da sandarsa kamar yadda ya ce, Ezekiel na biye da shi ɗauke da saiwar gamba ta dasa iyaka. Tsohon ya fara daga can ƙasa. Ya ratsa inda aka yi gayyar Alhamis, fili fetal sai kara ɗai-ɗai. Ya ratsa inda Haggai da Keziah suka yi mako uku, kara ya tsaya amma ba kai. Haggai yana bayansa yana jiran ya tsaya, yana roƙon Allah a zuci, tsohon bai tsaya ba sai da ya zo kusa da tsamiya, inda dawa ta fi mutum tsawo, kawuna sun sunkuyo don nauyi. Nan ya kafa sandarsa. Ya ce shi ma ba haka ya so ba, amma abin da ya faɗa gaban dangi ba ya tashi. Ezekiel ya dasa gamba kansa a ƙasa, da ya gama ya ce, "Yaya, rumbuna a buɗe yake." Da alheri ya faɗa, kuma ta fi zagi zafi.

Bayan sun tafi, Keziah ta shiga cikin dawar tana taɓa kawunan, ta ce in an yi tattali za ta kai su Kirsimeti, wataƙila ta ɗan gota. Ta fara ƙirga kunyoyin da yatsa. Haggai ya ce ta bari, ashirin da uku ne. Ya san su, ya san wanda ya nome kowace ɗaya, ya kuma san tsawon lokacin da aka ɗauka, don shi da kansa ya duba. Gonar da zai bar wa 'ya'yansa aikin minti arba'in da biyar ce.