Ƙananan Kwalabe Huɗu a Bakin Taga

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi ne makomarmu. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda duk layinmu ya sani da Mai Tawada, bayan 'yar gajeriyar jinya ta ciwon ƙirji. Ni ce ƙanwarsa, autar gidanmu, kuma tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Yaya, kowa cewa yake in yi haƙuri, ina kuwa yi, ƙafafuna ne suka ƙi ji. In na zauna a ɗaki sai in ji kamar na bar tukunya a kan wuta. In tashi in leƙa waje, in dawo, in ɗauki waya in lalubo lambarka, sai na kusa dannawa in tuna. Ƙarshenta dai shagonka nake tafiya, in tsaya a bakin ƙofa kamar wadda ta zo karɓar aiki.

A wannan ɗan shagon buga takardu da hotuna ka riƙe mu bayan rasuwar Baba. Daga cikinsa na yi karatu har na zama malamar makaranta. Kuma ba mu kaɗai muka ci arzikinsa ba. A zaman makoki wani direba ya ba mu labarin ranar da 'yarsa ta ɓata a kasuwa: ka ajiye aikin kowa, ka buga hotonta da yawa, ka rufe shago ka bi shi kuna mannawa a bango har aka gan ta. Wata tsohuwa ta zo da hoton mijinta da ka farfaɗo mata da shi bayan ruwa ya cinye rabin fuskar. Masu neman aiki kuwa, in ka gyara musu takardu, ladanka ɗaya ne: “In ka samu, ka zo ka faɗa min in ji daɗi.”

Amma fa, Yaya, ko a bayan idonka sai na faɗa: ban taɓa ganin mutum mai ƙin zubar da kaya irinka ba. Tsohuwar firintarka sirinji kake sa wa kana yi mata allurar tawada, shi ya sa yatsunka kullum baƙi da shuɗi, har a wurin biki mutane kan duba hannunsu bayan kun gaisa. Da ta mutu murus, ka sayo sabuwa mai tanki a gefe, wadda ake tuttula mata tawada kai tsaye daga kwalba. Na ɗauka an rabu da ƙazanta ke nan. Ina! Ragowar tawadar tsohuwar, manyan kwalabe da ba a ko ci rabinsu ba, ka jera su a kan kanta kana kakkaɓe musu ƙura. In na ce a zubar, ka ce da tsohuwar zuma ake magani. In na ce to zuba mana a sabuwar mu gani, ka ce gaggawa aikin Shaiɗan.

Ranar Juma'ar ƙarshe da na same ka da lafiya, na tarar da kai da wasu 'yan kwalaben magani huɗu da ka wanke tas. A kowacce ka ɗiga tsohuwar tawada, ka ɗiga sabuwa mai launi iri ɗaya, ka rufe, ka girgiza.

“Yaya, boka ka koma?” na ce.

“Auta ke nan,” ka ce kana dariya. “Gabatar da su nake yi. Ba a haɗa baƙi biyu a ɗaki ɗaya sai an ga za su zauna lafiya. In sun shirya, sai in zuba a tanki. In sun yi faɗa, gara su yi shi a nan da su yi a cikin kan firinta, don in ya toshe, shago ya mutu.”

Ka jera su a bakin taga, bayan labule, ka ce sai sun kwana biyu za a san gaskiyarsu. Na yi maka tsiya na tafi. Washegari aka kai ka asibiti, maganar kwalabe kuma ta fice daga kaina gaba ɗaya.

Bayan an watse zaman makoki, Kawu ya tara mu ya ce a sayar da firinta da kwamfuta tun suna da daraja, Anti matarka ta kwashi yara ta koma gidansu. Ba mugunta ya yi nufi ba, tsoro ne. Anti ta sunkuyar da kai ta ce, “Kawu, a yi haƙuri a bar ni in gwada. Shekara da shekaru ni ke buga masa rubutu.” Gaskiya ta faɗa. Abu ɗaya ne ba ka taɓa bari kowa ya taɓa ba, wato tawada. Kawu ya ce to, ga aikin shugabar makarantar bayan layi da ka karɓa ba ka gama ba, takardun shaidar kammala karatu masu launi. In ta fitar da su kafin ranar yaye ɗalibai, ya janye maganarsa.

Da muka buɗe shago muka duba tankunan firintar, baƙar tawada tana da saura, amma shuɗi da ja da rawaya duk sun kusa taɓa layin ƙasa. Anti ta je wurin mai sayar da tawada, ya ce irin tata ta yanke, sai wata mai zuwa. Ga kuma kwalabenka a kan kanta suna kallonmu. Wannan ya ce ku zuba, ai tawada tawada ce. Wancan ya ce kar ku kuskura, haka maƙwabcinsa ya kashe tasa. Anti ta ɗauko kwalba ta buɗe, ta rufe, ta mayar. Ni kuwa sai safa da marwa nake tsakanin ƙofa da kanta, ina jin haushinka, wallahi, haushi sosai. Ka tafi ka bar mu da tambayar da kai kaɗai ka san amsarta.

Da lokaci ya ƙure, Anti ta ce ta gaji, za ta cika duka tankunan huɗu, abin da Allah Ya yi shi ne daidai. Ta ce in ɗage labule ta samu haske. Ina ɗagewa hannuna ya bugi wani abu, ya yi ƙara.

'Yan kwalaben nan huɗu ne, suna nan yadda ka bar su, a jere, murfinsu a ɗaure. Na ce, “Anti, dakata!” Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a hasken rana, ina faɗa mata abin da ka faɗa min. Shuɗin sumul yake, ja haka, rawaya haka. Baƙar ce ta tsinke kamar madarar da ta lalace, ruwa a sama, gudaji a ƙasa. Kwalbar da ke hannun Anti a buɗe a lokacin, wadda za ta fara tuttulawa, baƙar ce.

Ta mayar da murfinta a hankali ta ajiye ta can nesa. Muka tace launuka ukun da farin ƙyalle mai tsabta, ta zuba kaɗan-kaɗan da bismillah, ta danna shafin gwaji. Firintar ta yi ta 'yan koke-kokenta, ni kuma na kasa kallo, na fita waje na dawo. Takardar ta fito, layukan nan duka cif, babu wanda ya yanke. Anti, wadda ta daure tun daga asibiti ba wanda ya ga hawayenta, ta zauna a kujerarka ta yi kuka har ta gode Allah. An kai wa shugabar makaranta aikinta a kan lokaci. Kawu ya juya takarda ɗaya gaba da baya, ya ce Allah Ya sa albarka, bai sake tayar da zancen ba.

Jiya na je shago, Anti ta miƙo min hannu, sai na ga babban yatsanta shuɗi har gindin farce. Ta ce ta wanke da sabulu ya ƙi fita. Na ce ta bar shi. Na riƙe hannun nan na daɗe ban saki ba, kuma a ranar ne na fara iya zama a kan benci har aka rufe shago.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Anti da yara, da Kawu, da maƙwabtan shago, da duk wanda ya taɓa fita daga ƙofar nan da takarda a hannu da sanyi a zuciya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya raya abin da ka bari, Ya sa albarka a hannun da ya karɓi tawadarka. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.