Saje Bawa, Mai Kokawar Japan

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Saje Bawa, amma har yau in na shiga kasuwar Zuru sai wani ya ce, "Ba ke ce ɗiyar mai kokawar Japan ba?"

Yana soja a Kaduna ya haɗu da wani dattijo ɗan Japan, mai gyaran injuna a masaƙa, wanda ya koya masa aikido, wato kokawar Japan. Baba ya tashi a Dabai, inda ake auna namiji da kaye, don haka da farko raina abin ya yi: babu gasa, babu kirari, ba kai ke fara kai hari ba. Sai dattijon ya ba shi labarin wanda ya ƙirƙiro ta. Mutum ne da ya ƙware a dabarun mayaƙan ƙasarsu na da, ya yi soja, ya ga yadda yaƙi ya ragargaza ƙasarsa, ya tsaya a kan cewa gwaninta ita ce ka kare kanka ba tare da ka illata wanda ya afko maka ba. Baba ma ya ga yaƙi. Maganar ta zauna masa.

Sau ɗaya tak na ga ya yi aiki da ita. Da kaka ne, shanu suka shiga dawarmu. Yayana Yohanna ya zari adda ya yi kan makiyayin, wani saurayi mai suna Buba. Baba ya shiga tsakani, ya goce, ya kama wuyan hannun Yohanna ya juya da shi. Adda ta faɗi can, Yohanna yana kwance.

"Baba, ni za ka kayar a gaban wanda ya cinye mana dawa?"

"Tashi mu je wurin manyansa," in ji Baba. "Ban haife ka don in riƙa kai maka tuwo gidan yari ba."

Dattawa suka sasanta. Yohanna kuwa har rani ya wuce bai ci abinci tare da Baba ba.

A zaɓen bana na ga samari cike da motoci, da gorori da adduna, na tambayi kaina me Baba zai ce da yana raye. Ina jin ba wa'azi zai yi musu ba. Zai shimfiɗa buhuna a tsakar gida ne, ya ce su zo su fara koyon faɗuwa, don a wurinsa wanda ba ya tsoron faɗuwa ba ya gaggawar duka.

Babu wanda ya gaji dabarar a gidanmu. Sai dai yanzu in rigima ta tashi tsakanin gona da ruga, Yohanna ake kira, kuma hannu biyu yake zuwa, ba adda ba gora. Kwanan baya na tambaye shi ko yana tuna yadda Baba ya yi masa.

"Ban ga komai ba," ya ce. "Akwai dutse a wurin, Saratu. Da na kai ƙasa, tafin hannunsa na ji a ƙeyata, ba dutsen ba."